Ku Tambayi Hajiya: Amarya Ta Ce Sai Tsibiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ma'aikaci ne a nan Kaduna, shekarata 31. In Allah ya kai mu farkon Afrilu za a ɗaura mini aure. Tun muna zance na yi wa yarinyar alkawarin zan kai ta yawon amarci bakin teku, ita kuwa tun daga ranar ba ta da aiki sai turo mini hotunan Maldibs a WhatsApp, irin ɗakunan nan da ake ginawa a kan ruwa. Bayan lefe da sadaki da gyaran gida, abin da na ware ya kai dala 2,500. Niyyata mu tashi washegarin kai amarya. Wani abokina ya ce Zanzibar ta fi sauƙi. Hajiyarmu kuma da na ɗan taɓa mata zancen, cewa ta yi ɗabi'ar Nasara ce, ina aka taɓa ɗauke amarya a bar gari ko buɗar kai ba a yi ba. Ban taɓa fita waje ba, ita ma haka, fasfo ma ba ta da shi. Don Allah ina mafita?
Ɗanki, daga Malali.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Daga ƙarshen wasiƙarka zan fara, don a nan gizo ke saƙar. Amarya ba ta da fasfo, biki saura makonni, kai kuma kana maganar tashi washegari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe-goben nan ka nemi izinin iyayenta, yayanta ko ƙaninta ya raka ta ofishin shige da fice. Kafin su je ta duba sunanta da ranar haihuwarta da ke kan lambar NIN, domin abin da ke can shi za a ɗora a fasfo, in aka samu saɓani nan aiki yake cijewa. Ta bar sunan mahaifinta yadda yake. Ranar yankan tikiti kuma kada zumuɗin angwanci ya ɗebe ka ka liƙa mata sunanka a baya. Sunan tikiti in ya saɓa da na fasfo, a filin jirgi za ku yaba wa aya zaƙi.

Sai allurar shawara, mai katin nan ruwan ɗorawa. Maldibs da Zanzibar duk suna neman katin a hannun wanda ya taso daga Najeriya. Ba ya fara aiki sai an kwana 10 da yin allurar, amma sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ta yi tata yanzu tana gidansu, domin likitoci ba sa son yi wa mai juna biyu wannan allura, in kuka bari sai bayan biki da wata biyu ko uku kuwa, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar. Na san ka gane.

Abokinka ya yi gaskiya ta fuskar kuɗi, sai dai rabin zancen ya ba ka. Zanzibar yankin Tanzaniya ce tun haɗewarsu a 1964, don haka bizar Tanzaniya za ku nema, kuma mai fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi. Ta intanet ake cikewa, a zauna jira har hukumar shige da ficensu ta bincika ta amince, abin da kan ɗauki makonni. Ku nema da aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Ban da wannan, tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatinta, ko da yana da wata a hannu. Ku biyu dala 88 ke nan, ka sa a lissafi. Maldibs ba ta da wannan jan rai, a filin jirgi ake ba da izinin kwana 30 kyauta in akwai tikitin dawowa da shaidar masauki. Tsadarta sai an shiga ciki, zan zo kanta.

Maganar Hajiyarku, rabi ina bayanta. Ka san abin da ke biyo bayan kai amarya a garin nan: buɗar kai, 'yan ganin ɗaki, gara, ga dangin da suka taso daga Zariya da Funtuwa ba su koma ba tukuna. Yarinya ta yi mako ana jan ta daga kamu zuwa walima zuwa dina, ta sha kukan rabuwa da gida, sannan ka ce da asuba ta ja akwati ta wuni ta kwana a hanya? Barci za ta yi ta sharara a tsibirin, kai kana zaune gefen gado kana lissafin dalar da ke ƙonewa. Wani ikon Allah kuma, yanayi ma bayan Hajiya yake. Babbar daminar Zanzibar, wadda suke kira masika, daga Maris take zuwa Mayu, Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne irin na Agustan Kaduna, har wasu otal-otal rufewa suke yi su yi gyara. Daga Yuni zuwa Oktoba ne gari ke washewa da iska mai daɗi. In ka sa tafiyar a Yuli ko Satumba, biza ta fito, an yi wa Hajiya biyayya, amarya ta san inda tukwanenta suke, kai ma ka karɓi albashi biyu uku ka farfaɗo daga dukan biki.

Rabin da ban bi ta ba shi ne cewa ɗabi'ar Nasara ce. Mutum ya yi tafiya da matarsa ta sunna ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Manzon Allah (SAW) yakan fita tafiya da iyalinsa. Amma kada ka je mata da hujja kamar mai muhawara. Ka bi ta wajen ƙanwarta ko wata gwaggonka da take jin maganarta, a gaya mata garin Musulmi ne, ana kiran salla sau biyar, kuma sai an gama duk wata hidimar biki za a tafi. In hira ta yi daɗi ka ba ta wannan: ɗiyan wurin da kakanninmu suka biya sadaki da su kafin zuwan sulallan Bature, waɗanda jam'insu ne ya ba mu kalmar kuɗi, daga tekun Maldibs ake kwaso mafi yawansu, daga baya a ƙarni na 19 aka riƙa jibgo na gaɓar Zanzibar. Tsibiran nan sun daɗe da sa hannu a auren Bahaushe.

To, hotunan da take turo maka. Maldibs tsibirai ne kusan 1,200 warwatse a tekun Indiya, kuma tsarin manyan otal ɗinsu shi ne kowane otal da tsibirinsa shi kaɗai. Jirgi zai sauke ku kusa da Male, babban birnin, daga nan sai jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da rana, kuɗinsa kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ake tallatawa. Da kun taka tsibirin shi ke nan, babu mai shayi, babu shagon unguwa, duk abin da za ku sa a baki a hannunsu za ku saya, da haraji da ladan hidima a kai. In ka cire tikitin mutum biyu daga dala 2,500, abin da ya rage ba zai kwanar da ku a ɗakin kan ruwa yadda take hasashe ba. Gara ta ji daga bakinka tun yanzu. Akwai hanya ta biyu: tun 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, irin su Maafushi, inda babu giya, ga masallaci, ga farashi da dama-dama. Sai dai ba shi ne hoton da ke wayarta ba, kuma daminarsu daga Mayu take farawa har wajen Oktoba, daidai lokacin da na ce ku tafi. Da ɗan cikina ne, Zanzibar zan ce masa.

Ni kaina sai da muka shekara 24 da aure Alhaji ya biya ni bashin yawon amarcina, a Agustan 2023, bayan mun aurar da babbar 'yarmu. Daga Rigasa muka hau jirgin ƙasa, muka kwana a Abuja gidan ƙanwata (ku ma ku kwana, kada ku taso daga Kaduna ranar tashin jirgi), washegari muka bi jirgin Habasha, aka canza a Adis Ababa. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa biyu.

Wani ejan ne a nan cikin gari ya kama mana masauki a Jambiani, gabashin tsibirin, ya nuna mana hoto ruwa har gindin baranda. Da dare muka isa, muka kwanta muna jin ƙugin teku. Da hantsi Alhaji ya yaye labule, ya yi shiru, can sai ya ce, "Hajiya, zo ki gani, sun kwashe tekun." Wallahi babu ruwa sai can nesa, farin yashi ne shimfiɗe da kwale-kwale a kwance a kan gefensu. Ashe haka gaɓar gabas take. Sau biyu a kwana ruwa ke janyewa ya dawo, kusan awa shida yana tafiya, shida yana komowa, kuma da yake gaɓar a baje take, yakan ja da baya sosai. Ejan bai yi ƙarya ba, hoton lokacin cikar ruwa ne, sauran bayanin ne ya haɗiye.

Da farko na cika na batse. Can sai ga mata sun fito da zannuwansu na kanga, sun yi lulluɓi, suna kutsawa cikin ɗan ruwan da ya rage suna duba gonakinsu. Turaku ne a kakkafe, an ɗaura igiya tsakaninsu, ciyawar teku tana tsiro a jikin igiyar. Su cire, su shanya, su sayar, wasu su yi sabulu da ita. Na tattare zanena na bi su. Ba na jin Suwahili, ba sa jin Hausa, amma da na ce sabulu suka ce sabuni, sai muka tuntsire da dariya. Asuba asubuhi, labari habari, Alhamis Alhamisi, duk Larabci ya haɗa mu. A nan na wuni, Alhaji yana ta nemana.

Ku dai sabon aure ne, abin da kuke so ruwa a kusa da kallon faɗuwar rana. Wannan sai arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, inda ruwa ba ya gudu sosai, rana kuma cikin teku take nutsewa. Illarsu cunkoso, da kiɗan dare a wasu wuraren, da Turawa da irin shigar da ka sani. Kafin ka biya, rubuta wa otal ɗin da kanka, kada ka bar wa ejan. Tambaye su ko ɗakin yana kusa da mashaya, da nawa ne kuɗin ɗauko ku daga filin jirgi, don tafiyar ta haura awa guda a mota. Ka lura da tsarin da suke cewa an haɗa komai, ci da sha: cikin "komai" ɗin har da giya, wato za ka biya kuɗin abin da ba ka sha. Mai karin kumallo da abincin dare ya fi muku. Ka gaya musu amarya da ango ne, sukan yi wa gado ado da furanni, wani lokaci da ragi, amma ka ce kwalbar da suka saba ajiyewa a musanya ta da ruwan 'ya'yan itace. Wasu sukan nemi takardar shaidar aure kafin su yi ragin. Mu nan a ɗaura aure a raba goro a watse, to ka karɓi takarda a masallacin da aka ɗaura ko a kotun shari'a, za ta yi maka amfani har gaba.

Ranar farko da azahar Alhaji ya shimfiɗa darduma, ya dubi inda rana ke fitowa, ya kabbara. Yaron da ya kawo mana tawul ya tsaya har ya sallame, sannan cikin ladabi ya juya dardumar. Mun saba alƙibla gabas ce har mun mayar da su abu ɗaya a bakinmu, a Zanzibar kuwa Makka arewa take sak. Ƙasaru kuma, a Malikiyya in kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, cika salla za ku yi. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne lokaci. Direba in ya ce saa mbili asubuhi, wato awa biyu na safe, ƙarfe takwas yake nufi, domin su daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirga. Ku sa ya rubuta muku a waya.

Kwana biyar ko shida ya ishe ku, biyu daga ciki ku ba tsohon garin, Stone Town. Lunguna ne matsattsu kamar cikin birnin Zariya, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Sarakunan Oman ne suka mayar da shi fadarsu a ƙarni na 19, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 2000. Akwai inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873. Ba wurin soyayya ba ne, amma ban yi nadamar shiga ba. Bayan magariba ku gangara Forodhani, bakin ruwa, inda ake gashin kifi da tsire a fili. Ku tambayi kuɗi kafin a zuba, ku zaɓi wanda aka gasa a gabanku, ku kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Za a nuna muku wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Halal ce, Alhaji ya ci, ni dai ido na bi shi da shi. Ku tafi da dakakken yajinku a jaka.

Gonar kayan ƙamshi kada ta wuce ku. Shekara da shekaru ina sayen kanumfari a kasuwar Kawo, sai a can na san ashe fure ne da bai buɗe ba ake tsinka a shanya har ya yi baƙi. Kirfa kuwa ɓawon itace ce, a gabana yaro ya ɓantaro ya miƙo mini. A nan za ka yi wa Hajiya tsarabarta. In za ku sayi kanga ku raba wa dangi, kowane zane da rubutu a bakinsa, wani addu'a ne, wani kuma habaici ne tsagwaronsa irin na kishiyoyi. A fassara muku kafin ku biya, kada amarya ta kai wa surukarta abin da zai zama magana. Kuɗin tsaraba ka ware shi daban tun daga gida, in ba haka ba shi zai cinye na abincin kwanan ƙarshe.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ku 'yan Kaduna ne, iyakar saninku da ruwa ku hango kogi daga kan gada. Duk kwale-kwalen da ba shi da rigar ceto ta mutum biyu, kada ku hau, ko da masu tallar yawo a bakin teku sun karya muku kuɗi. Ku sa takalmin roba in za ku taka ruwa, akwai wani abu mai ƙaya kamar bushiya a ƙasa. Hotuna kuma a bari sai an dawo a sa a waya, ba kowane ido ne ke taya murna ba.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni ce amaryar, angona ya ce zai kai ni bakin teku bayan biki. Ni mai hijabi ce, ina jin kunyar yadda zan shiga ruwa a gaban mutane, ga shi ba na so in ɓata masa rai.
'Yarki, daga Unguwar Sanusi.

AMSA: 'Yata, kwantar da hankalinki. In Zanzibar ce ko Maldibs, hijabinki ba baƙo ba ne, matan garin da lulluɓinsu suke. Akwai kayan ninkaya na Musulmi, doguwar riga da wando da hula, na yadin da ba ya shan ruwa. Ki nemo tun daga nan, ki gwada a gida. Kada ki shiga da atamfa ko abaya, nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Bayan sallar asuba bakin teku fayau yake, Turawan duk suna barci, wannan lokacinku ne ke da shi. In aljihunsa zai ɗauka, akwai ɗakuna masu ɗan wurin ninkaya a killace cikin katanga. In kuma ranki bai kwanta ba, ki gaya masa a fili, ki tsoma ƙafa iya idon sawu, ba farilla ba ce. Ki lissafa kwanakin al'adarki kafin ya yanki tikiti, shi ba zai tuna ba, kuma ba zai iya tambaya ba. Lallen ki bar shi ya zama na biki, ruwan gishiri ba ya barin sa ya daɗe.

TAMBAYA: Hajiya, ina da uwargida da 'ya'ya huɗu, zan ƙara aure bayan Babbar Salla. Amaryar ta ce sai na kai ta Zanzibar kwana goma. Uwargidan ban gaya mata ba tukuna. Me kika gani?
Ƙaninki, daga Rigachikun.

AMSA: Malam, ka san hukuncin ba sai na tuna maka ba: budurwa kwana bakwai, bazawara uku, daga nan rabon kwana ya dawo. Abin da ya haura wannan, ka zauna da malaminka ya warware maka yadda ake yi da kwanakin tafiya kafin ka biya ko sisi. Tambayata ɗaya ce: uwar 'ya'ya huɗun nan, ina ka taɓa kai ta? In amsar ita ce gidan suna da asibiti, to ka yi fasfo biyu, ka sa ranar tata tafiyar, ka gaya mata da bakinka kafin ta gani a wayar wata. In kuɗin ba zai kai tafiya biyu ba, ka rage ta amaryar zuwa kwana biyar, ko ku nufi Yankari gaba ɗaya, ruwan Wikki ma da ɗuminsa.